Hawan Jini da Ciwon Haƙori: Me Ya Sa Aka Ƙi Cire Mini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Shekaruna 54, ina zaune a Talata Mafara, kuma ina shan amlodipine saboda hawan jini. Turmina na ƙasa ya yi kogo, na je a cire, amma da aka auna jinina sai aka ce in dawo idan ya sauka. Yanzu diclofenac nake saya a kemis don in samu barci, ga dasashina ya kumbura. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Wanda ya dakatar da ke ya yi daidai. Idan awo ya kai 180/110, ana ɗage cire haƙorin da ba na gaggawa ba, domin fargaba da zafi suna ƙara ingiza jinin, ga kuma sinadarin adrenaline da ke cikin yawancin alluran kashe zafin haƙori, wanda yake sa zuciya bugawa da sauri. A irin wannan hali ana tsoron shanyewar ɓarin jiki da zubar jinin da ke wuyar tsayawa.

Abin da ya fi damuna shi ne diclofenac ɗin nan. Shi da ibuprofen suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, suna rage ƙarfin magungunan hawan jini, suna kuma wahalar da ƙoda, saboda haka mai yiwuwa suna cikin abin da ya hana jininki sauka. Ki koma paracetamol bisa ƙa'ida, ki riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri kina tofarwa, ki kuma sassauta cin goro.

Kumburin dasashi kuwa sananne ne ga wasu masu shan amlodipine da nifedipine (shi ma maganin hawan jini ne), musamman idan dauɗa ta taru a gindin haƙora. Kada ki daina shan amlodipine ɗin da kanki. Likitan da ya rubuta miki shi ne zai duba ko a canja. Ki dage da buroshi ko asuwaki safe da dare.

Ranar da za ki koma, ki karya kumallo, ki sha maganinki kamar kullum, ki tafi da kwalayensa, ki kuma faɗa idan kina shan aspirin. Bayan an gama ki tashi daga kujera a hankali saboda jiri. Amma idan fuska ta kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ko haɗiya ta gagara, kada ki jira jini ya sauka, ki nufi babban asibiti irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau a ranar.