Amsa kan wasannin 'yan sanda na zamanin talabijin mara kala

Ɗan'uwa da ka tambaya da wanne za ka fara cikin tsofaffin wasannin 'yan sanda na talabijin, da kuma dalilin da ya sa ka kasa samun Dixon of Dock Green cikakke, ga abin da na sani, don na daɗe ina bibiyarsu.

Fara da Dragnet. A rediyo ya soma a 1949, ya koma talabijin ɗin NBC a ƙarshen 1951, ya ci gaba har 1959. Jack Webb ne ya ƙirƙiro shi, shi ne kuma ke fitowa a matsayin Saja Joe Friday, ɗan sandan ciki mai lamba 714 a birnin Los Angeles na Amurka. Daga takardun rundunar 'yan sandan birnin ake ɗebo labaran, sai a sauya sunayen mutane. Amma in harbe-harbe da tseren mota ka zo nema, hamma za ka yi ta yi. Mafi yawan rabin awar da kowane kashi ke ɗauka yawo ne gida-gida: a ƙwanƙwasa ƙofa, a tarar da mai shaida sarkin surutu, Friday ya tsaya fuska ba walwala yana jira a gama kewaye-kewaye a faɗa masa abin da aka gani. Ni dai nan ne daɗinsa yake, don haƙurin aikin yake nuna maka, da yadda ƙaramar magana ke kai ga kama ɓarawo. Sai dai ka kalla da lura. Da haɗin kan rundunar aka yi shi, saboda haka da wuya ka ga an taɓa mutuncin ɗan sanda.

Daga nan ka wuce Naked City, 1958 zuwa 1963. A kan titunan New York aka ɗauke shi, kuma sau da yawa mai laifin ne tauraron labarin, har ka kama kanka kana tausaya masa. A ganina ya fi Dragnet rubutu nesa ba kusa ba. The Untouchables kuwa hayaniyar bindiga ce kawai, har Amurkawa 'yan asalin Italiya suka yi ta ƙorafin ana ɓata musu suna.

Batun Dixon, ba rashin iya nema ba ne. Kashi 432 BBC ta yi daga 1955 zuwa 1976, amma waɗanda suka tsira ba su wuce talatin da 'yan kai ba. Amurkawa a kan fim irin na silima suka ɗauki nasu, don su sake sayarwa tashoshi. A Ingila kuwa da farko kai tsaye ake watsawa, 'yan wasa na yi mutane na kallo. Da kaset ɗin bidiyo ya zo, tsadarsa ta sa ake gogewa a ɗora wani shiri a kai. Wasu da suka rage, kyamarar fim aka saita a gaban allon talabijin aka kwafa, shi ya sa hoton ke dishi-dishi. Wani abin dariya, an kashe Dixon ɗin nan, wato ɗan sandan da shirin ke ɗauke da sunansa, a fim ɗin The Blue Lamp na 1950, aka tashe shi don talabijin, kuma Jack Warner, wanda ke fitowa a matsayinsa, ya ci gaba da sa kaki har ya kai shekara 80.

In ka samu kashin farko-farko na Z-Cars, wani shirin BBC da ya soma a 1962, kada ka bari ya wuce ka. Shi ya fito da ɗan sanda mai caca da mai dukan matarsa, abin da ya harzuƙa manyan 'yan sandan yankin Lancashire na Ingila. Kai tsaye ake yinsa har 1965, don haka ba a rasa ɗan tuntuɓen harshe nan da can.

Wajen neman Dragnet ka riƙa haɗawa da shekarar 1951. In ba haka ba, na 1967 mai kala zai yi ta fito maka, shi kuma wa'azi ya yi masa yawa.