Kwaɗo ɗaya ne, ko biyu?

Wata malamar sakandare daga Zariya ta rubuto: "Malam, Turawa suna da frog, suna da toad. Me zan ce da Hausa in bambanta su a aji?"

Malama, ki ce kwaɗo, ki huta. Wannan rabon na bakin Bature ne, masana halittu ba su bi shi ba. Duka sun zuba su a rukuni guda mai suna Anura, daga Girkanci, wato marar wutsiya, kuma nau'o'in da aka ƙidaya sun haura 7,000. Fiye da kashi 90 cikin 100 suna reshen Neobatrachia, ma'ana sababbin kwaɗi. A nan ne dangin Bufonidae suke, waɗanda Bature ya fi kira toad, masu busasshiyar fata mai gudaji-gudaji, irin wanda ke laɓe bayan randa da damina, dare ya yi ya fito gindin fitila yana caɓe ƙwari. Sai dai akwai masu irin wannan fata a wasu dangogin daban, don haka fata ba ta raba gardama.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu fassarar da ke ganin duk inda Turanci ya yi kalma biyu, dole Hausa ta ƙago ta biyu, ko a ce ta gaza. Na taɓa ganin takardar jarrabawa da aka rubuta "kwaɗon tudu" da "kwaɗon ruwa". To, shi na bayan randar a ina yake zuba ƙwansa, in ba a kududdufi ba? Bahaushe ya yi nasa rabon tun tuni, ya ware burduddugi, ƙaton nan na fadama. Wanda ake busarwa a kai kasuwa galibi Hoplobatrachus occipitalis ne, ɗan dangin Dicroglossidae. Yara da yawa yanzu ba su ma san kalmar burduddugi ba.

Wani ɗalibi daga Maraɗi ya ce: "Kwaɗon zogale fa, daga dabbar aka samo sunan?"

A'a. Saurari bakinka. Na dabba da na kulle ƙofa ana jan wasalin farko, na zogale da ƙuli-ƙuli gajere ne, karin sautin ma ya bambanta. Rubutun boko ne ya haɗa su.

Wani kuma yana son ma'anar "Ƙaddara ta riga fata, in ji kwaɗo da ya faɗa ruwan zafi."

Ruwa yake fata, ruwan kuwa ya samu.