Amsa ga tambayar Malama: mutum ɗaya zai iya haɗa ayyukan uku?

Malama, kin ce ƙanenki yana son ya zama mai shirya wasan dandali, darakta, kuma mai tsara dandalin da kansa, kina tambaya ko ba haɗama ba ce. Ba haɗama ba ce, amma akwai inda ya kamata ya soma.

Ya karanta tarihin Demas Nwoko. An haife shi a 1935, ya koyi zane a kwalejin Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, sannan ya je Faris ya koyi tsara dandali. Da ya dawo ya koyar a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ibadan, ya ba da umarni, ya kuma gina wurinsa na kansa a Ibadan, New Culture Studios. A 2023 aka karrama shi da lambar Zakin Zinariya a birnin Benis na Italiya saboda gine-ginensa. Abin lura, da hannunsa ya fara.

Ni ma na daɗe a wannan harkar, kuma shawarata ita ce ya fara da guduma da fenti. Wanda bai taɓa kafa ƙofa a kan dandali ba, zai ce wa ɗan wasa ya fita a fusace ya buga ta, bangon filawud gaba ɗaya ya girgiza a gaban jama'a. Fenti kuma yaudara gare shi: shuɗin da ya yi kyau da rana, fitila mai ruwan ɗorawa na sauka a kansa sai ya koma kamar toka. Kafin a buga ƙusa ta ƙarshe, ya je ya zauna a kujerar can ƙurya ya duba abin da mai wurin zai gani. Idan yana kusa da Zariya, ya leƙa dandalin wasa na Samaru da aka gina da laka a tsakiyar shekarun 1970, ya ga yadda gini kansa ke zama kayan wasa.

Umarni zai zo masa a hankali, in dai yana zama wajen atisaye yana saurare.

Shirya wasa shi ne mai ɗaci, don a nan ake neman kuɗi, hayar zaure, janareta, abincin 'yan wasa da kuɗin motarsu. Darakta na son ƙarin fitilu, furodusa na cewa babu kuɗi, kuma duk mutum ɗaya ne. Na ga masu basira da bashi ya kore su daga dandali, abin yana min ciwo har yau. Don Allah ki ce masa ya nemi amintacce ya riƙe masa lissafi a wasanninsa na farko, kuma ya sallami kafinta da mai wuta kafin ya taɓa ko sisi.