Ga mai tambaya kan aikin hoto da labaran talabijin a sojan ruwa

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka ce kana ɗaukar hoto da bidiyo, kana sha'awar shiga sashen yaɗa labarai na sojan ruwa, kuma kana so a faɗa maka kyamarar da za ka saya ka fara shiri. Na daɗe a wannan aiki, a kan jirgi da kuma ɗakin tace labarai, ga abin da na sani.

Ajiye maganar kyamara tukuna. Wadda ke hannunka ta isa koyo, idan ka shiga kuma su za su ba ka kayan aiki. Abin da za ka sa a ranka shi ne kai soja ne kafin ka zama mai hoto. Za ka yi gadi, za ka koyi kashe gobara da toshe ɓaraka idan ruwa ya shigo jirgi, kamar kowa. Aikin ma bai tsaya a hoto ba. Sojan ruwan Amurka tun 2006 suka haɗe mai hoto, ɗan jarida, mai zane da mai ɗab'i suka zama sana'a guda, ana horar da su a Fort Meade da ke jihar Maryland. Mu ma haka muke yi: kai za ka ɗauka, ka yi hira, ka rubuta, ka tace.

Teku ba ta ragawa kayan aiki. Feshin ruwa yana bushewa a gilashin kyamara ya bar gishiri, idan ka goge shi a bushe sai ya karce maka gilashin. Ka jiƙa ƙyalle da ruwan sha, ka ɗan danna a hankali, sannan ka tsane. Idan ka fito daga ɗaki mai sanyi zuwa zafin waje, gilashin zai yi raɓa har ciki, don haka ka bar kyamarar a jaka a rufe na 'yan mintoci. Ƙafar da ake ɗora kyamara a kai kuwa sau da yawa cutarwa take, domin kaɗawar injin jirgi tana bi ta cikinta ta shiga hoton. Gara ka buɗe ƙafafunka, ka sassauta gwiwa, ka jingina da wani abu, idonka na kan inda sama ta haɗu da ruwa kada ya karkace. Iska kuma ita ke kashe mana hira. Ko ka sa wa makirfo rigar gashi, ka ja mutumin zuwa bayan bango.

Wuri mafi haɗari a kan jirgin ruwa shi ne inda jiragen sama ke tashi da sauka. A manyan jiragen Amurka kowa da launin rigarsa, masu hoto kore suke sawa. Ba a shiga da abin da zai iya faɗuwa, ko murfin kyamara ne, saboda injin jirgin sama zai iya zuƙe shi ya lalace. Idan idonka na cikin kyamara ba ka ganin gefenka, shi ya sa ba na yarda yaro ya ɗauka ba tare da wani na riƙe da shi ta baya ba.

Sai abin da ba a nunawa. Duk hoto sai jami'i ya duba kafin ya fita: allon na'ura, taswira, abin da zai nuna inda jirgi yake, fuskar wanda ya ji rauni iyalansa ba su sani ba. Kada ka ɗauka takura ce. A 2007 a Iraki wasu sojoji suka sa hotunan sababbin jirage masu saukar ungulu a intanet, bayanin wurin na maƙale a jikin hoton, aka harba musu makami daidai wurin, jirage 4 suka lalace.

Amma ka ga, ɓoye sirri daban, ƙarya daban. Atisaye ne, ka rubuta atisaye. Tsohon hoto ne, ka sa ranarsa. Kowane hoto ka rubuta sunan mutum, muƙaminsa, jirgin da rana, tun kana wurin, kada ka bari sai dare.

Sababbi sukan cika katin kyamararsu da hotunan bindigogi da jirage. Shahararren mai hoto Edward Steichen ya haura shekara 60 lokacin da ya jagoranci wani rukunin masu hoton sojan ruwan Amurka a 1942, kuma ya karkata yaransa ga mutanen da ke cikin jirgin. Ina tare da shi a kan wannan. Mai girki da ƙarfe 4 na asuba, da mai aikin inji da gumi ya jiƙa, su ne iyalai ke zaune gaban talabijin suna nema.

Kafin lokacin ɗaukar sababbi, ka koyi iyo sosai. Ka kuma samu mutum ɗaya yana aikinsa, ka haɗa rahoto na minti ɗaya da rabi a kansa, da muryarsa da ƙarar aikin. Ka turo nan in duba maka. Allah ya taimaka.