Ƙaramar talabijin ta bango: sabuwa marar suna ko ta-hannu mai suna?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, ɗaki da falo nake haya. Tsohuwar talabijin ɗinmu mai ƙeya ta mutu, ina so in sayi ta bango, inci 32, amma kuɗina ba su kai na manyan kamfanoni ba. A kasuwa an nuna mini guda biyu kusan farashi ɗaya: sabuwa dal a kwali wadda ban taɓa jin sunan kamfaninta ba, mai shago ya ce tana hawa intanet, da kuma ta-hannu mai sunan babban kamfani. Wutar unguwarmu ba ta zama, wani lokaci ta zo da rauni, da dare mukan tada ƙaramin janareta. Maƙwabcina ya sayi irin sabuwar, ko shekara ba ta yi ba hoto ya ɗauke, sai murya. Wacce zan ɗauka, kuma me zan duba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bari a fara da ta maƙwabcinka, don wannan ciwon yana cikin waɗanda suka fi kai ƙananan talabijin teburin masu gyara. Gilashin talabijin ta bango ba shi da hasken kansa. A bayansa akwai ƙananan ƙwayayen LED jere a kan wasu siraran layuka, galibi layi biyu ko uku a mai inci 32. An haɗa su ne a sarƙe, wutar ɗaya na wucewa ta cikin ɗaya, shi ya sa idan ƙwaya guda ta ƙone sai sauran su mutu tare da ita. Murya na fita, rimot na aiki, fuska baƙi ƙirin. Ka ce masa ya kunna ta, ya manna fitilar wayarsa a jikin gilashin. Idan ya hango inuwar hoto tana motsi, gilashin lafiya lau yake, layukan kawai za a sauya. Ya nemi a sauya su duka, kada a yi masa facin ƙwaya ɗaya, domin sauran ma sun gaji, bayan ɗan lokaci zai sake komawa.

Dalilin saurin ƙonewar kuwa, masu haɗa na araha sukan rage yawan ƙwayayen, sannan su matsa musu wuta don hoto ya yi ƙyalli a shago. Maganin yana hannunka tun ranar farko: shiga saitin hoto, ka nemi inda aka rubuta Backlight, ka sauke shi daga 100 zuwa 60 ko 70, ka kuma bar yanayin Vivid ko Dynamic ka koma Standard. A cikin ɗaki ba za ka ji ka rasa komai ba, zafi zai ragu, cin wuta ma haka.

Game da zaɓi, shawara ita ce ka nemi ta uku wadda mai shago bai nuna maka ba: sabuwa, marar intanet, daga kamfanin da ke da wakili da wurin gyara a ƙasar, irin su Hisense ko TCL. A ƙaramin kuɗi, kalmar "smart", wato mai hawa intanet, takan zo ne da ƙwaƙwalwar aiki gigabait 1 da ma'ajiya gigabait 8, da manhajar Android wadda Google ba ta tantance ba. Kukan masu irinta kusan ɗaya ne: tana daɗewa kafin ta buɗe, YouTube na sanƙarewa, Netflix ya ƙi sauka ko ya fito dishi-dishi, kuma ba a sabunta ta. Ga kuma data, don Netflix kaɗai yakan ci har gigabait 3 a awa ɗaya idan hoton mai kyau ne. Idan ka bukaci intanet daga baya, ƙaramin akwatin Android da ake soka wa a HDMI zai yi maka aikin, in ya tsufa ka sauya shi kaɗai. Idan kuwa dole sai cikin biyun nan, ta-hannun da ta ci gwaji ta fi sabuwar da ba a san iyayenta ba, sai fa in mai shagon ya yarda ya rubuta maka garantin shekara a kan rasit.

Amma sunan da ke goshin talabijin ba hujja ba ne. Akwai masu ɗaukar tsohon gilashi su sa masa bod (faifan cikin talabijin da ke sarrafa hoto da sauti) na gama-gari, irin wanda masu gyara ke kira V56 ko V59, su zuba a sabuwar roba, su manna tambarin LG ko Samsung. Har tambarin da ke fitowa idan an kunna ana iya ɗora shi. Abin da ke tona su shi ne lambobi. Lambar samfuri da lambar siriyal da ke kan takardar baya su yi daidai da na jikin kwali, su kuma yi daidai da abin da ke cikin saiti. Buga lambar samfurin a wayarka nan take, ka ga ko kamfanin ya san da ita. Ka tafi da tef ɗin tela: ana auna talabijin daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, gilashin kaɗai ban da firam. Inci 32 kusan santimita 81 ne, inci 24 kuwa kusan 61. Sau da yawa abin da aka rubuta a kwali ya fi abin da ke ciki.

A ta-hannu ka duba ƙasar da aka yi wa ita. Wadda aka ƙera don Amurka takan zo da bolt 120, kuma na'urar kama tashoshinta ba ta jituwa da namu. Ta Ingila da sauran Turai ta dace da wutarmu mai bolt 230. Ka lura da notikan baya ko sun sha sukurdireba. Idan kuma filasma ce ta ainihi, wato tsohon nau'in ta bango wanda ba LED ba, mai nauyi da ɗaukar zafi, ka bar ta: manyan kamfanoni sun daina ƙera ta tun 2014, kuma cin wutarta ya ninka na LED.

Kada ka biya kuɗi sai ka gwada da filashinka. Ka zuba masa hotuna biyar masu launi ɗaya tal: fari, baƙi, ja, kore, shuɗi. A fari ake ganin tabo mai duhu da ɗigon da ya mutu. Idan ka ga wasu da'irori masu haske kamar an haska tocila ta baya, murfin ƙwayayen ne ya ɓalle, idan kuma farin ya juya shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda, fitilun sun tsufa. A baƙi ake ganin haske na yoyo ta gefe. Layin tsaye ko na kwance, ko siriri ne kamar zare, ka ajiye ta, ciwon gilashi ne, kuma kuɗin sabon gilashi yakan kusa kamo kuɗin talabijin ɗin gaba ɗaya. A bar ta a kunne kamar minti 20, saboda wasu matsalolin sai ta ɗumama suke fitowa.

A filashin nan ka sa fina-finai biyu ko uku daga wurin wanda ya saba tura maka. Wannan gwaji mutane ba su cika yi ba, kuma shi ne ke ɓata musu rai a gida. Wasu na araha ba sa buɗe bidiyo nau'in H.265, wasu su nuna hoto babu murya idan sautin AC3 ne ko DTS, wasu kuma ba sa karanta filashi sai an tsara shi a FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil da ya wuce gigabait 4. Sannan ka tsuguna ka kalle ta daga ƙasa, ka koma gefe. A gidajenmu yara da mata da yawa a kan tabarma ko kafet suke kallo, wani gilashin kuwa da zarar an kalle shi daga ƙasa sai fuskokin mutane su yi duhu. Wannan ya fi yawa a masu inci 19 zuwa 24. Idan za ka rataye ta, tsakiyarta ta yi daidai da idon mai zaune, ba can kusa da silin ba.

Yawancin masu inci 32 na araha yawan ɗigon hotonsu 1366 a 768 ne, ko da kwali ya ce 4K, wato mai ɗigo da yawa ƙwarai. Daga nisan mita biyu wannan ya wadatar, kada ka ƙara kuɗi a kansa. Abin da za ka ƙirga shi ne ramuka: HDMI aƙalla biyu, USB, ramin AV mai ruwan ɗorawa da fari da ja idan dikodarka tsohuwa ce, da ramin fitar da sauti, tunda sifikokinsu ƙanana ne, ƙasa ko baya suke kallo, fanka na kaɗawa ba ka jin magana sosai. Idan da eriya za ka yi kallo, nemi mai DVB-T2, tsarin dijital ɗin da Najeriya ta fara a Jos a 2016. Mai DVB-S2 kuwa za ka iya jona mata wayar dish kai tsaye ta kama tashoshin kyauta. Mai dikodar GOtv, StarTimes ko DStv bai damu da wannan ba.

Sai maganar wuta, inda mafi yawan asarar take. Karanta takardar baya. Idan an rubuta 100–240V, raunin wuta ba zai dame ta sosai ba. Abin tsoro shi ne dawowar wuta da ƙarfi bayan an ɗauke, da kuma ranar da wayar nutural ta tsinke a layi, inda wutar gida kan haura kusan bolt 400 ta ƙona duk abin da ke jone. Don haka cikin kuɗinka ka ware na TV guard, wanda ke yanke wuta idan ta hau ko ta faɗi, ya kuma jinkirta kafin ya sake ta. Sitabilaiza sai idan wutarku na faɗuwa ƙwarai, kuma mai 1000VA ma ya yi mata yawa. A janareta, ka tada shi ya daidaita kafin ka kunna talabijin, ka kashe ta kafin ka kashe shi, kuma kada ka bari mai ya ƙare tana kunne, domin wannan tarin da inji ke yi yana hawa yana sauka shi ke gajiyar da bod ɗin wuta. Alamar ya fara gajiya ita ce jar fitila ta yi ta ƙiftawa, ko sai an danna sau da yawa kafin ta tashi. Galibi kafasito ne ya kumbura, gyaransa kuma ba shi da tsada idan an kai da wuri. Da damina, hadari ya haɗo, cire filogi kaɗai bai isa ba: zare wayar eriya ko ta dish, domin tsawa ta nan take bi ta dikoda ta ƙona ramin HDMI.

Idan kana tunanin sola nan gaba, mai inci 32 takan ci wat 30 zuwa 50. Batir mai bolt 12 da 100Ah, idan rabinsa kawai ka yi amfani da shi kamar yadda ya kamata ga batir mai ruwa, zai riƙe ta da dikoda kusan awa 10 ta hanyar inbata. Akwai kuma masu ramin DC 12V da ake jonawa a batir kai tsaye ba tare da inbata ba.

Wajen kawo ta gida, a tsaye ake ɗaukarta cikin kwalinta, ba a kwantar da ita, ba a ɗora mata kaya a Keke Napep, kuma garanti ba ya biyan fashewar gilashi. Ajiye kwalin saboda ranar tashi daga gidan haya. Notin ƙarfen rataya kada ya yi tsawo, yakan huda har bod. Ka bar tazarar kamar santimita 10 don iska, a cire mayafin da ake rufa mata kafin a kunna. Ƙurar hunturu kuwa da busasshen ƙyalle mai laushi ake share ta. Ka gaya wa mutanen gida kada a fesa mata ruwa ko ruwan goge gilashi: yana gangarawa gindin gilashin inda siraran wayoyin hoto suke, ya ci su, bayan 'yan makonni layuka su fara fitowa a tsaye, kuma ba kowane mai gyara ke da injin da ake manna waɗannan wayoyin ba.