Abin da ɗigon mai ke yi wa ɗan kifi

Jiya ka ce min, "Maigida, ɗigon baƙin mai nawa ne da za mu zubar da tanki guda na 'ya'yan kifi? Ai tarwaɗa ko a kwata tana rayuwa." Zauna ka ji, yarona.

Babbar tarwaɗa ta gama ginuwa. Ƙwai kuwa cikin kamar kwana ɗaya yake ƙyanƙyashewa, ɗan kifin ya yi kwana uku yana shan gwaiduwarsa. A ɗan tsakanin nan ake ƙera zuciya da ido da muƙamuƙi da ƙashin baya. Ƙwayoyin gado, wato umarnin ginin jiki da ake gada daga iyaye, su ke tsara aikin, wannan ta buɗe, waccan ta jira lokacinta, yadda magini ba ya rufi sai bango ya tashi.

To, ɗanyen mai da danginsa, gas da baƙin mai, suna ɗauke da sinadaran da masana ke kira PAH. Suna narkewa a ruwa, ko ka kwashe ƙyallin da ke sama suna nan. Da sun shiga jikin ɗan kifi sai wata ƙwayar gado, CYP1A, ta tashi haiƙan don ta farfasa gubar. Ita masu bincike ke dubawa su gane mai ya taɓa kifi. Ƙwayoyin da ke tsara ginin zuciya kuma sai su rikice. Zuciyar ce abin tausayi: bugunta ya ragu, ya daina tafiya daidai, ruwa ya taru kewaye da ita da gwaiduwa. Ka ga ɗan kifi ya kumbura, baya a lanƙwashe, yana juyi a gindin tanki.

An gano yawancin wannan ne bayan malalar mai daga jirgin ruwan Exxon Valdez a Alaska a 1989, da ta Tekun Meziko a 2010. Abin da ya fi tsaya min a rai, har waɗanda suka fito lafiya a ido sun girma da zuciya mai rauni, iyo ma ba ƙarfi. Ka ce mu sayar wa mai gonar kifi a Kawo irin waɗannan, ya yi wata huɗu yana zuba musu abinci? Ba da ni ba.

Ni ma na taɓa asarar ƙyanƙyasa guda, saboda jarkar da aka taɓa zuba gas a ciki, an wanke ta fes kuwa.

Maza ka janye janareta daga bakin rijiya. In ka taɓa inji, ka wanke hannu da sabulu, ka ɗauraye sosai kafin ka shigo ɗakin ƙyanƙyasa. Bokitin nan shuɗi kuma na ƙwai ne kaɗai.