Bacucane, murgu da ɗiyauci

Wata mai karatu daga Ƙofar Sauri, Katsina, ta rubuto: "Malam, ana binciken auren yayana, sai na ji gwaggonmu ta rage murya ta ce dangin yarinyar cucanawa ne. Me ake nufi?"

Malama, bacucane shi ne wanda aka haifa cikin bauta a gidan ubangijin iyayensa. Ba kamo shi aka yi a yaƙi ba, ba kuma sayo shi aka yi a kasuwa ba, shi ya sa sayar da shi ya zama abin kunya ga maigida. Wasu kan ce dimajo, aro daga Fulatanci. Ƙauyen da bayi ke zaune suna noma gandu kuwa shi ne rinji, jam'insa rumada.

Akwai kuma murgu, kuɗin da bawa ke kai wa ubangijinsa a kai a kai don a bar shi ya yi sana'ar kansa. Kada ki haɗa shi da fansa. Mai biyan murgu hayar kansa yake yi daga hannun wani, fansa ce ke tsinke igiyar.

A 1901 Gwamna Lugga ya yi shelar cewa duk jaririn da aka haifa daga 1 ga Afrilun shekarar ɗa ne, tun ma kafin Turawa su shigo Katsina a 1903. Manya aka bar su su fanshi kansu a gaban alƙali, sai a 1936 aka soke bautar ɗungurungum.

Ki lura da kalmar ɗa ɗin nan, nan ne abin ke da daɗi. Ban da haihuwa, kishiyar bawa ce. Mu nan Katsina muna cewa ɗiya a maimakon 'ya, don haka tsofaffinmu ke cewa ɗiyauci inda Bakano zai ce 'yanci. Karin maganar nan ma da muke tsawata wa yaran maƙwabta da ita, "ɗa na kowa ne", rabinta muke faɗa. Cikonta shi ne "bawa sai mai shi". Baki ya yar da wutsiyar, amma binciken aure bai yar ba.

Abin da ke ba ni mamaki, sarakuna da yawa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne, shari'a ta ba su gado cikakke, ban kuwa taɓa jin an rage murya a kansu ba. Ki samu gwaggo ita kaɗai, bayan ta idar da la'asar, ki tambaye ta cikin ladabi a wace shekara aka haifi kakan yarinyar.